Gayyar da Muka Yi wa Bangon Baba

Mutanen garinmu ba sa iya ganin rami a jikin bango su wuce. Ko a gidan maƙiyinsu ne sai hannunsu ya yi ƙaiƙayi. Da zarar damina ta ɗauke, an kai amfanin gona gida, za ka ga kowane magidanci ya kwaɓa ƙasa yana zagaya katangarsa, yana neman inda ruwa ya ci ya cusa. Wanda ya bar tsaga a bangonsa har kaka ta wuce ya zama abin zance a dandali, kuma in ɗansa ya je neman aure sai an yi ta jan ƙafa. A wurinmu mutunci a shafe yake sumul, babu kafar da ido zai shiga. Da wannan na girma, ban kuma taɓa ganin aibinsa ba sai shekarar da muka kashe ginin da babana ya yi.

Garin namu yana kan hanya tsakanin Gumel da Maigatari. Ba zan faɗi sunansa ba, don masu laifin da yawansu suna raye, ni ma ina cikinsu. A bakin titi, daura da tsohuwar rijiya, akwai wani babban zaure na kankare da ƙungiyar manoman gyaɗa ta gina gab da samun 'yancin kai, lokacin da gyaɗa take da bakin magana. A nan ake taro, a nan ake raba iri. Daga baya aka yi ajin yaƙi da jahilci a ciki, daga ƙarshe ya zama inda tsofaffi ke fakewa rana. Bai yi kama da komai a ƙasarmu ba. Rufinsa ba kwano ba ne, ba azara ba. Faifan kankare ne guda biyu, ɗaya bisa ɗaya, da rata a tsakani wadda kaza za ta iya shiga, na saman kuma ya zarce bango sosai kamar malafa. Ginshiƙansa sirara ne, har baƙo kan ji tsoron jingina da su. Bangon kudu da na arewa kuwa, daga ƙugun mutum zuwa sama, duk bulo ne mai huda, kowace huda bakinta na waje da faɗi, na ciki a tsuke. Saboda hudar nan ake ce masa gidan zuma.

Babana ne ya buga bulon, ɗaya bayan ɗaya, a wani akwatin katako da kafinta ya haɗa masa. Asalinsa maginin ƙasa ne, gadon gidanmu ke nan. Yakan ba da labarin yadda aka sauke siminti daga jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha, da yadda wani matashi mai zanen gini, baƙar fata kamarmu, ya zo da takardu a naɗe a hammata, ya kwana uku yana yawo a filin yana jefa ƙasa sama yana kallon inda ta nufa. Da aka nuna wa Baba zanen bulon sai ya ajiye cokalinsa. Ya ce shi ba zai gina bango mai rami da hannunsa ba, gobe a ce ɗan wane ne ya yi. Yadda aka shawo kansa bai taɓa gaya mini ba. Ni kuma ban taɓa tambaya ba, don a lokacin ina ganin babu abin da maginin ƙasa zai ƙare ni da shi.

Abin da kowa ya sani shi ne, zauren nan sanyi gare shi. A tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, kana shiga sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa a wuya. Babu fanka, babu lantarki ma. Shekara talatin da wani abu mutanen garinmu suna shan wannan sanyi, kuma in ka tambaye su daga ina yake fitowa, kowa da tasa. Wasu su ce jijiyar rijiya ce ta bi ta ƙarƙashin daɓen. Wasu su ce albarkar malamin da ya yi addu'a ranar aza harsashi. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai da ta rantse aljana ce ke zaune tsakanin rufin biyu tana fifita. Babu mutum ɗaya da ya taɓa ɗaga kai ya ce hudar ce. Hudar a wurinsu alama ce ta kuɗin ƙungiya ya ƙare ba a ƙarasa aiki ba, suna dai yi wa Baba kara ne ba sa faɗa a gabansa.

Ni na san daga inda sanyin yake. Malamin labarin ƙasa ne ni a wata sakandare a Gumel, kullum ina zana kibiyoyi a allo ina nuna wa yara yadda iska mai zafi ke tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Amma in na zo gida ƙarshen mako na ji ana zancen aljana mai fifita, sai in yi tsaki a ciki in wuce. Wa zan tsaya ina yi wa bayani? Mutanen da in an ce musu duniya a dunƙule take sai su kalle ka da tausayi? Haka nake ganinsu, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na daina gaba ɗaya ba.

A shekarun da nake magana idon Baba ya fara tafiya. Da farko gefe-gefe ne ya dushe, daga baya sai inuwa kawai yake gani. Duk da haka kullum bayan azahar zai ɗauki sandarsa ya lallaɓa har zauren, ya zauna a dakalin da ke jikin bangon kudu, ya ɗan ɗaga haɓa, ya yi shiru har la'asar. Wata rana na ce masa, "Baba, me kake yi a nan kai kaɗai kullum?" Ya ce, "Aikina nake dubawa." Na ce ai ba ya gani. Ya ce, "Da kumatu nake dubawa. Duk ranar da bulo ɗaya ya toshe da sheƙar zanzaro, ina sani." Gaskiya kuwa, yakan sa a kawo masa kara ya soke sheƙar. Wannan zama shi ne abin da ya rage masa, bayan salla da goro.

Sai aka ba mu jiha. Kowa ya san abin da ya biyo baya: mutumin da jiya yake sayar da kalanzir a kwalba ya wayi gari ɗan kwangila, da jaka a hannu. Manyan motoci suka ƙaru a hanyar Maigatari, musamman daren kasuwa da wayewarta, duk wani fili da ke bakin titi ya zama nama. A cikin waɗanda suka ji ƙanshi har da taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda ya yi arziki da kai-kawo a kan iyaka, ya je Makka sau biyu, ya dawo da haƙorin zinare da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa. Tun muna yara nake ce masa mai kan kabewa, dangantakarmu ta ba ni wannan dama. Da ya zama Alhaji sai na ƙara masa, nake cewa Alhaji mai kan kabewa. Kan kabewar nan ne ya zagaye ni ya ɗaure, ni mai takarda.

Ranar wata Juma'a ya same ni a ƙofar gida, ya fito daga motarsa yana karkaɗa makulli. Ya ce, "Malam, na yi magana da 'yan kwamitin ƙungiya. Za su ba ni filin gidan zuma. In kawar da wannan kwarangwal, in jera shagunan butik goma sha biyu, ƙofofin ƙarfe, gilashi a gaba, kamar na Damagaram."

Na ce, "Kawunka ne fa ya gina shi."

Ya ce, "Shi ya sa nake so in rufa masa asiri. Shekara nawa ana yi mana dariya? Ginin da akuya ke leƙa mutum ta bango? Kawu ya yi iyakar ƙoƙarinsa a zamaninsu. Yanzu an waye."

Wai an waye. Mutumin da ya gina wa kansa gida a Gumel da tagogin gilashi suna fuskantar yamma, da rana ba ya iya zama a ciki sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar maƙwabci, shi ne yake koya mini wayewa. Na gaya masa haka. Ya yi dariya har zinaren ya haska, ya ce ni dai baki gare ni kamar reza amma aljihuna sai alli.

'Yan kwamitin kuwa, in ka cire biyu da suka tsufa har ba sa gane abin da ake ciki, sauran irin mutanen nan ne da in aka ba su lemon kwalba mai sanyi za su sa hannu a takardar sayar da kabarin kakansu. Ƙungiyar ma suna kawai ya rage. Rabon da a auna gyaɗa a zauren tun ina firamare.

Wanda ya buɗe mini hanya wani abokina ne, ma'aikacin sashen ayyuka a Gumel, Kirista daga wajen Filato, wanda aiki ya kawo shi ƙasarmu ya zauna har 'ya'yansa suka fi shi Hausa. Injiniya muke ce masa. Na kai shi ya ga zauren. Mutumin nan ya fi awa yana zagayawa, ya sa hannu a huda, ya hau kan motarsa ya leƙa tsakanin rufin biyu, ya sauko yana kaɗa kai. Ya ce, "Malam, kun san abin da kuke da shi kuwa? Lokacin da ƙasashen zafi suka samu 'yanci, yaransu da suka yi karatun zanen gini sun dawo suna neman yadda za a yi ginin zamani wanda ya san rana. Mun ga hotunansu a makaranta, har na can Kambodiya, rufi biyu, bango mai huda, kamar wannan. Ana ta rushe su ko'ina. Ban taɓa zaton zan ga ɗaya a ƙauye ba, lafiyarsa ƙalau." Daga nan ya je ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, ya ce, "Baba, hannunka ya yi albarka." Na ga Baba ya gyara zaman hularsa. Rabon da wani ya yabi bangon nan a gabansa tun mai zanen ya tafi.

Ni da Injiniya muka rubuta takarda zuwa ga masu kula da kayan tarihi, shi ya yi zane, ni na zuba Turanci. Wata huɗu shiru, Alhaji yana ta zuwa da masu awo suna kafa turaku a gefen filin. Sai ga amsa. Za a turo jami'a ta zo ta gani da idonta ranar kaza, cikin bazara. In ginin yana nan yadda muka kwatanta, za a rubuta shi cikin waɗanda ba a taɓawa.

Na ɗauki takardar nan kamar na ci yaƙi. Bayan sallar Juma'a na roƙi mai unguwa ya tsayar da jama'a, na hau kan dakalin masallaci na yi jawabi. Har yau in na tuna jawabin nan sai in ji kunya ta rufe ni. Na karanta musu takardar da Turanci tukuna, don su san ba da wasa na zo ba, sannan na fassara. Na ce musu abin da suke raina wa, manya a birni sun san darajarsa. Na ce za a zo daga nesa a ɗauki hoto, sunan garinmu ya shiga littafi. Na ga idanu sun buɗe, tsofaffi suna gyaɗa kai, har mai ƙosai ta leƙo ta katanga. Sai na rufe da maganar da ta kashe mu. Na ce, "Saura mako biyu baƙuwa ta zo. Don Allah a gyara wurin nan ya yi kyau, kada ta zo ta ga abin kunya."

Ni shara nake nufi. A kwashe kashin awaki, a cire yanar gizo, a yanke ciyawa. Ban faɗa ba, don a ganina ko jaki ya san abin da ake nufi. Ban ce uffan a kan hudar ba. Na sauko ana ta shi mini albarka, har Alhaji ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, ka yi nasara. Tunda abin na gari ne, ni ma zan ba da tawa gudummawar." Da ina da hankali da a nan na tsaya. Ruwa ba ya tsami banza. Amma daɗin nasara ya rufe mini ido, har na ce masa ashe kabewa ma tana nuna.

Washegari na koma Gumel, na tafi da Baba, don an ce likitan ido zai zo asibiti a makon. Muka yi ta jira, yau ne gobe ne, ga jarrabawar yara ta kama ni. Kwana goma sha biyu ban leƙa gida ba. Da likitan ya duba Baba sai ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce ta mutu, sai haƙuri. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya tambaye ni yaushe za mu koma, zafin ɗakina ya ishe shi.

Abin da ya faru a bayanmu daga baya na ji shi, daga bakin mutane da yawa, kowa yana faɗa da alfahari. Mai unguwa ya tara magidanta ya ce kun ji abin da Malam ya ce, baƙuwa za ta zo, kada a ga abin kunya. To mene ne abin kunya a jikin gidan zuma? Kowa ya sani, shekara talatin ana haɗiye shi. Aka sa ranar gayya. Da farko ƙasa za su kwaɓa, yadda aka saba. Sai Alhaji ya miƙe ya ce haba, ginin da za a sa a littafi a shafa masa laka? Ya aiko da mota shaƙe da siminti, da yashi daga wajen Sule Tankarkar, da garwar fenti, duk kyauta. Aka kira makaɗa. Mata suka dafa dambu da wake, aka dama fura a manyan ƙore. Tun hantsi maza suka jeru a bangon kudu da na arewa, ciki da waje, ana kiɗa ana cusawa, ana gasar wanda zai riga gama layinsa. An ce har tsofaffin da suka fi shekara ashirin suna barci a sanyin hudar nan sun karɓi cokali sun toshe ɗaya ɗaya don neman lada. Da aka gama bango sai wani mai kaifin basira ya hango ratar da ke tsakanin rufin biyu, ya ce ga inda jemagu ke kwana. Aka jera bulo aka rufe ta ita ma. Aka bi da filasta, aka shafe sumul, aka yi fenti kore da fari. Kwana uku suka yi, kuma na tabbata tunda aka kafa garin ba a taɓa aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba.

Ranar da aka sa, muka taho a motar Injiniya, ni da shi da jami'ar, wata mata mai gilashi da ƙaramar kyamara a wuya. Baba na bar shi a Gumel, na ce sai an gama hayaniya zan dawo in ɗauke shi. Tun daga hanya nake cika mata baki. Muna shan kwanar garin na ga jama'a sun yi layi, ga makaɗa, ga mai unguwa da babbar riga. Na duba inda gidan zuma yake ban gan shi ba. Wani akwati na gani, kore da fari, kamar sito. Na ɗauka mun wuce wurin. Injiniya ne ya taka birki ya ce, "Yesu!" a hankali, ya kifa kansa a sitiyari.

Mai unguwa ya taro mu yana murmushi har kunne. Ya ce, "Malam, ka gani? Ko kafar allura ba mu bari ba."

Jami'ar mace ce mai ladabi. Ta gaisa da kowa, ta sha furar da aka ba ta, ta ciro zanen Injiniya ta duba, ta dubi ginin, ta sake duban zanen. Muka shiga ciki. Duhu, ga warin fenti, ga wani zafi da ya dake mu a fuska kamar an buɗe tanda. Kafin minti biyar gumi ya jiƙa mata mayafi. Mutanen da suka biyo mu suka fara fifita da hula suna kallon juna. Na ji wani a bayana yana cewa ƙila ƙarar kiɗan ce ta kori aljanar. Wallahi da ina da abin duka a hannu da na yi abin da za a kai ni gaban alƙali.

Ta ƙwanƙwasa bangon da makullinta, ta tambayi Injiniya ko za a iya farfasa cikon a fitar. Ya ce siminti ne mai ƙarfi, ya riga ya kama bulon, bulon kuma ya tsufa, in aka sa guduma tare za su zube. Ta ɗauki hoto biyu, ina jin don kada a ce ta zo a banza. A bakin mota ta ce mini, "Malam, ka yi haƙuri. Abin da kuka rubuto mana ba ya nan." Ta shiga, makaɗa suka bi motar da kiɗa har bakin gari.

Na sami Alhaji a gindin rijiya yana sakace. Ban san abin da na faɗa masa ba duka, na dai san na tattaro tun daga kakanninsa na wajen uba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ni me na yi? Kai ka hau dakali ka ce a gyara. Jama'a suka ce za su gyara. Ni kuma na taimaka da siminti saboda Allah da zumunci. In akwai wanda ya ce kada a taɓa ramukan, nuna mini shi." Garin gyaran gira mun rasa ido, kuma ni na miƙa wuƙar. Ya san abin da yake yi tun ranar da ya kama hannuna, sauran kuwa ba su sani ba, har yau ban yanke wanda ya fi ba ni haushi a cikinsu ba.

Bayan damina aka kawo katafila. Babu wanda ya yi magana, don tun bazarar nan ba mai iya zama a ciki, tsofaffin sun koma gindin tsamiya. Shagunan goma sha biyu suna nan har yanzu, rufin kwano, ƙofofin ƙarfe, masu su na zaune a waje ƙarƙashin rumfar buhu daga hantsi zuwa la'asar. Ranar rushewar ban je ba, kuma ba ita ce ke hana ni sakewa ba.

Ranar da na dawo da Baba ce. Kwana biyu bayan zuwan jami'ar na ɗauko shi daga Gumel, duk hanya ina neman yadda zan fara ban samu ba. Muka iso da azahar. Yana idar da salla ya laluba sandarsa. Na ce, "Baba, ka huta yau mana." Ya ce kwana goma sha huɗu yana hutawa. Na bi shi a baya kamar wanda za a kai wa hukunci.

Ya shiga, ya sami dakalinsa ba tare da na nuna masa ba, ya zauna, ya ɗaga haɓa yadda ya saba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa. Ya jira. Ya juya ɗaya kumatun. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Can sai ya miƙa hannu baya, ya shafa bangon, ya yi sama da tafin, ya yi gefe, ya miƙe tsaye yana bin bangon da hannu har ƙarshensa ya dawo. Ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya kasa kunne.

Ya ce, "Siminti ne."

Na ce, "Siminti ne, Baba."

Ya ce, "Da ƙasa suka sa, da damina ɗaya ta wanke mana."

Ya koma ya zauna. Na durƙusa a gabansa na kwashe labarin duka na gaya masa, ina yi ina zagin mai unguwa, ina zagin Alhaji, ina zagin jahilcin garin da aka haife ni. Bai katse ni ba. Da na gaji na yi shiru sai ya ce, "Da ka tara su a masallaci, ka gaya musu aikin da hudar take yi?"

Na ce, "Ban gaya musu ba."

"Don me?"

Na ce, "Na ɗauka ba za su gane ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Miƙo hannunka." Na miƙa. Ya ce, "Wangame bakinka ka hura a tafin." Na hura. Ya ce me na ji, na ce ɗumi. Ya ce, "To tsuke bakin ka sake hurawa." Na tsuke na hura, na ji sanyi a tsakiyar tafina.

Ya ce, "Haka yaron nan mai takarda ya yi mini ranar da na ajiye cokali. Ya tsuguna a ƙasa da farin wandonsa, a gaban leburori, ya ce in hura. Ni ko alif na boko ban sani ba, amma kafin in sauke hannuna na gane. Shi bai ɗauka cewa ba zan gane ba."

Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya miƙo mini hannu, abin da bai taɓa yi ba a hanyar nan tunda idonsa ya tafi.

Ya ce, "Kama ni mu je gida. Wurin nan da zafi."